Gargaɗi ga masu motocin dizal: kada ku bari a farfasa matacin hayaƙi

Ga duk mai motar dizal, da direban da ke tuƙa ta, da bakaniken da ake kai wa: idan fitilar DPF ta kama a dashbod, aka ce maka mafita ita ce a kwance salansa a farfasa abin da ke ciki, sannan a jona kwamfuta a sauya lissafin ƙwaƙwalwar motar, ka ce a'a. Ana yin wannan aiki daga garejojin Ingila har na Kano, kuma tallarsa iri ɗaya ce ko'ina: mota za ta ƙara gudu, ta rage shan mai, fitila ta daina damunka. Fitilar kam za ta mutu. Sauran alkawuran kuwa akwai magana a kansu.

DPF wani mataci ne na yumɓu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an saka shi a hanyar salansa domin ya riƙe kunkunniyar da injin dizal ke fitarwa. Mai lafiya yana tare fiye da kashi 90 cikin ɗari na wannan baƙin gari. Tun da Turai ta shigo da ƙa'idar Euro 5 a 2009, kusan duk ƙaramar motar dizal da aka ƙera don kasuwarsu da shi take fitowa, kuma irin su ne yanzu ke iso mana a matsayin tokumbo. Idan matacin ya cika, motar da kanta take ƙara zafin salansa zuwa wajen digiri 600 ta ƙone abin da ya taru. Amma sai ta samu doguwar tafiya a buɗaɗɗen titi. Motar da aikinta kai yara makaranta da tsayuwa a cunkoso ba ta samun wannan dama.

Abin da masu cirewa ba sa faɗa maka shi ne, toshewar mataci sau da yawa alama ce ta wata cuta daban. Ko injekta na zubar da mai fiye da kima, ko bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji ya maƙale, ko turbo na yoyon baƙin mai, ko kuma an yi juye da man da ba na irin motar ba, mai barin toka da yawa. Ka farfasa matacin, cutar tana nan, ka dai kashe mai ba ka labari ne. Mafi muni shi ne aikin rabi da rabi, inda za a cire cikin amma ƙwaƙwalwar ta ci gaba da zaton yana nan. Sai ta riƙa fesa ƙarin dizal don ƙone abin da babu, wani ya gangara ya tsinka baƙin mai, wata rana a ce inji ya buga.

Babban abin tsoron ma ba a injin yake ba. A watan Yunin 2012, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, musamman na huhu. Ƙwayoyin da ke cikinsa sun fi kaurin silin gashi ƙanƙanta sau talatin ko fiye, hanci ba ya tare su, suna wucewa can ƙarshen huhu, mafi ƙanƙantar su har cikin jini. Suna tayar da asma, suna ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A Landan, a ƙarshen 2020, mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe wata yarinya 'yar shekara tara mai fama da asma, wadda gidansu ke kusa da babban titi.

Kai da ka cire matacin kana ciki, gilashi a rufe. Wanda ke shaƙa shi ne mai A Daidaita Sahun da ke bayanka, da jami'in da ke ba da hannu a mahaɗa tun safe, da yarinyar da ke tallar gyaɗa, wadda hancinta ya fi kusa da bakin salansa. A lokacin hunturu, ga hazo ga hayaƙi. Shi ma bakaniken da ke farfasa yumɓun da guduma, babu abin rufe hanci, ya sani cewa kunkunniyar shekaru ce yake tayarwa a fuskarsa da ta yaran shagonsa.

Batun sauya lissafin ƙwaƙwalwa kuwa, gaskiya ne ana samun ƙarin ƙarfi, domin an ƙara yawan man da ake fesawa da iskar da turbo ke turawa. Amma kuloci da giya da fistin an auna su ne da ƙarfin asali. Su za su biya. Maganar rage shan mai kuma, kada ka gaskata lambar dashbod bayan an taɓa lissafin, tunda daga wannan lissafin take samun amsarta. Cika tanki, yi tafiya, sake cikawa, ka yi lissafin da kanka.

'Yan'uwa mazauna Birtaniya, musamman masu tasi da kai kaya, ku lura: tun Fabrairun 2014 motar da aka cire wa DPF ba ta cin gwajin shekara na MOT, kuma tarar hawa titi da ita tana kaiwa fam 1,000 ga ƙaramar mota, fam 2,500 ga ta ɗaukar kaya. Kamfanin inshora ma na iya ƙin biyanka idan ka ɓoye masa sauyin.

A nan gida dole a faɗi gaskiya, ba duk laifin na masu mota ba ne. Dizal ɗin Turai ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan na sinadarin salfa, mu kuwa a 2016, lokacin da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa ƙazamin man da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma, dokar Najeriya tana barin har 3,000. Irin wannan mai yana saurin kashe mataci. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da 50, kuma haƙƙin hukumomi ne su tabbatar abin da ke bakin famfo ke nan. Sabon mataci ma da tsada. Duk da haka, akwai hanyoyi kafin guduma.

Da zarar fitila ta kama, hau babban titi ka yi tafiyar minti ashirin zuwa talatin ba tsayawa. Idan ba ta mutu ba, je a jona na'urar bincike a gano tushen matsalar, a gyara, sannan a tilasta wa motar ƙonewar ko a kwance matacin a wanke shi. Sha mai a gidan man da ka yarda da shi, ka guji na bumburutu, ka yi juye da mai ƙarancin toka da littafin motar ya ambata. In kuwa zirga-zirgarka duk cikin gari ce, tun farko sayi mai fetur. Mai shirin sayen tokumbon dizal kuma ya sa a ɗaga ta a duba tulun matacin: sabon tabon walda a jikinsa, ko baƙi mai kauri a yatsa idan an shafa cikin bakin salansa, dalili ne na zargin an riga an kwashe cikin, kada ya biya sai an bincika.