Gidan ƴar tsana: makarantar farko ta yaran Arewa

In kaka ta yi, an yanke hatsi an kai rumbu, kara ya kan cika gonaki. Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tsibiri zuwa Kore Mairuwa, lokacin nan ne yara ke fara nasu gini. Bayan darni ko gindin rumbu, sai a tarar da ɗan gida wanda bai wuce faɗin faifai biyu ba. Ga ɗaki, ga zaure, ga turken dabbobi.

Amma gida ba mutane kango ne. Don haka ƴan mata ke haɗa ƴar tsana. Su kan yanki kara mai tsawon yatsa, su ɗaura mata zane da ƙyallen da tela ya zubar, su yi mata kitso da baƙin zare. Wasu da ƙashin ƙafar rago suke yi, wanda suka ɓoye tun Layya. Yara maza kuwa laka ce tasu. Su ke gina shanu, su kafa musu ƙaho da ƙayar aduwa: dogo ga bororo, gajere ga azawak. Ɗan makiyayi ba ya kuskure wurin nan.

Aikin yana da ƙa'ida. Ta farko, a zaɓi ƴar tsanar da za ta iya shiga ƙofar ɗakin. Uwa ta fi ɗiya tsawo, akuya kada ta kai saniya. Ta biyu, kowa a ba shi aiki. Wannan tana daka bakin turmi, waccan tana jan guga a rijiya, maigida yana zaure da baƙo. In an tsaida su a jere ba aikin yi, gidan bai da rai. Ta uku, lakar a cuɗa ta da ƙaiƙayi, a shanya ta a inuwa. Wadda aka sa a rana tsagewa take yi.

Ranar da ta fi kowace daɗi ita ce ranar auren ƴar tsana. A kan yi wa amarya jere da marafan kwalba a madadin kwanoni, babba a ƙasa, ƙarami a sama, kamar yadda ake yi a ɗakin amaryar gaske.

Wani uba in ya gani sai ya ce ɓata lokaci ne, har ya sa ƙafa ya rushe. Wannan kuskure ne. Yarinyar da ta jera kwanoni goma ta fara lissafi. Yaron da ya auna ƙofa da kara ya fara gini. Ko a Yamai, a gidan tarihin ƙasa da aka buɗe a 1959, wanda ke ɗauke da sunan Bubu Hama, an gina irin gidajen Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Buzaye, an kuma tufatar da mutum-mutumi da kayan gargajiya, don na baya su san zaman kakanninsu. Abin da manya suka yi can, shi yara ke yi nan ba da kuɗi ba.

Yanzu ƴar tsanar roba ta cika kasuwa. Ba laifi a saya wa yarinya, amma wadda aka saya ba ta koya mata ɗinki ko kitso kamar wadda ta haɗa da hannunta.

Sai dai iyaye su sa ido. Ƴan duwatsun ado da ƙananan batura na kayan wasa, a nisanta su daga yaron da bai kai shekara 3 ba, don komi ya samu baki yake kaiwa. In ya haɗiye batur, a garzaya da shi likita nan take. Tsohuwar reza kuma kada a bar wa yara. Babba ya yanka musu karan.

Iyaye su ba yara ƙyalle da wuri mai inuwa, su kore musu awaki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.