Murhun da Ya Ƙi Zuƙe Hayaƙinsa

A wani tsohon gidan dutse a yankin Yokshaya na ƙasar Ingila, tabon danshi ne a bangon falo ya fara tona asiri. Duk sanda aka yi ruwa sai ya tashi da warin kunkunniya. Magini ya ƙwanƙwasa wurin, ya ji amon rami, aka fasa.

Bayan bulon aka tarar da ɗan murhun ƙarfe na kwal irin na zamanin Sarauniya Biktoriya. Bayansa kuma ga murhun asali, mai faɗin baki, da dogon dutse guda kwance a samansa. An toshe irinsu da yawa bayan hazon hayaƙin da ya hallaka dubban mutane a Landan cikin Disambar 1952, da dokar tsaftace iska ta 1956, da shigowar na'urorin ɗumama gida. Danshin kuwa ruwan sama ne da ke gangarowa ta bututun hayaƙi, ba iskar da za ta busar da shi.

Aka gyara duwatsun da kwaɓin farar ƙasa, domin siminti yana tsare danshi a jikin dutse. Aka hura wuta. Nan take hayaƙi ya turnuƙe ɗaki.

Zargi ya fara faɗawa kan tsuntsaye, kuma mai sharar bututu ya zazzago tulin ƙirare, sheƙar wani ƙaramin hankaka da ke son irin wannan wuri. Aka sake hurawa, jiya i yau. Sai aka rufe bakin bututun ta sama, aka kunna ƙwayar gwajin hayaƙi ta ƙasa. Hayaƙin ya ɓullo a ɗakin kwana na bene, ta tsagar duwatsu. Wannan shi ne mafi haɗari, domin ta nan iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, za ta iske mai barci. Aka zura sabon bututu a cikin tsohon. Hayaƙi ya ragu, bai daina ba.

Magini ya ɗauko awo. Magina na so faɗin ramin bututu ya kai wajen kashi ɗaya cikin goma na bakin murhu, wannan kuwa bakin ya yi masa girma. Aka ɗaga daɓen murhun, bakin ya tsuke.

Sauran abin ya bayyana ne ranar da wani ya bar ƙofar waje a buɗe: hayaƙi ya miƙe sama sak. Ashe sababbin tagogin gidan sun toshe kowace kafa, alhali wuta ba ta jan hayaƙi sai iska na shigowa ta maye gurbin wadda ta fita. Da can tsagogin tsofaffin tagogi ke yin wannan aiki ba wanda ya sani. Aka huda kafar iska a bango kusa da murhun, matsala ta ƙare.

Mai niyyar buɗe irin wannan murhu, kada ya ƙyasta ashana kafin a share bututun, a gwada shi, a kuma kafa na'urar gargaɗin kabon monoksaid.