Taswirar da za ta sasanta raƙuman dawa da makiyaya a Gadabeji

A arewacin Dakoro, cikin jihar Maraɗi, akwai gandun dajin Gadabeji mai faɗin hekta 76,000, wanda aka keɓe tun 1955. A da raƙuman dawa suna yawo a nan, amma fari da farauta suka ƙarar da su a shekarun 1970.

A watan Nuwamban 2018 ne gwamnatin Nijar, tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund, suka ɗauko guda takwas a mota daga yankin Kure da ke kusa da Yamai, tafiyar kimanin kilomita 800, aka sake su a Gadabeji. An ƙaro huɗu a 2022. Dalili shi ne irin wannan raƙumin dawa na Afirka ta Yamma a Nijar kaɗai ya rage. Guda 49 aka ƙirga a 1996, yanzu sun haura 600, kuma barinsu a wuri ɗaya kasada ce idan annoba ta ɓulla.

Sai dai kawo su ba shi ne ƙarshen aiki ba. Gadabeji ba shi da shinge, kuma dabba ba ta san iyaka ba. Shi ya sa ake buƙatar taswirar yawonsu. Masu gadin daji suna bin sawunsu suna rubuta inda suka gan su, sannan a Nijar an yi amfani da ƙaramar na'urar GPS mai aiki da hasken rana, wadda ake ɗaura wa dabbar a ƙaho tana aika bayani ta tauraron ɗan'adam. Idan aka haɗa bayanan, sai a ga inda suke kiwo da damina, da itatuwan da suke nema da rani.

Wannan daji kuwa ba nasu ba ne su kaɗai. Fulani da Buzaye suna kiwo a kewayensa, gonaki kuma suna ta matsowa daga kudu ta kwarin Tarka. A 2017 UNESCO ta amince da yankin a matsayin inda mutane da namun daji za su rayu tare. Taswirar ce za ta nuna inda ya dace a bar burtali, inda za a share hanyar tare gobarar daji, da inda ba za a sare itace ba.

Raƙuman dai sun fara haihuwa a Gadabeji. Ɗorewarsu ta dogara ne ga makiyayan da suke ganinsu kullum.