Shirin Musamman: Su Wa Za Su Haɗa Mana Maganin Gubar Dalma?

 

Duk wanda ya yi wayo a 2010 bai manta da abin da ya faru a Dareta, Abare, Yargalma da Bagega na jihar Zamfara ba. Dutsen zinare mai ɗauke da dalma aka riƙa kaiwa gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a inji. Ƙurar dalma ta cika tsakar gida, ta bi hannun yara zuwa baki. Kimanin yara 400 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira, wani magani ne Allah Ya sa ya zama sanadi, wanda likitocin ƙungiyar MSF suka riƙa ba su. Sunansa DMSA.

To me ke cikinsa? Ɗan ƙaramin sinadari ne: kabon huɗu a jere, biyun tsakiya kowanne riƙe da farar wuta. Ita kuwa dalma ba ta ganin farar wuta ta ƙyale. Da maganin ya shiga jini sai ya cafke ta kamar yadda awartakin maƙeri ke cafke ƙarfe, su fita tare a fitsari. Tushen dabarar daga Jami'ar Oksfod ta Ingila yake, inda Rudolph Peters da abokan aikinsa suka haɗa maganin gubar makamai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sai dai nasu allura ce mai zafi da wahalar da jiki. DMSA kuwa ginin kusan ɗaya ne, amma an sauya shi yadda zai narke a ruwa, yaro ya sha ta baki. A 1991 Amurka ta amince a riƙa ba yara.

Wannan sauya ginin sinadari shi ne aikin masana reshen kimiyyar da ke nazarin mahaɗan kabon, wanda ɗalibai ke kira oganik, kuma da yawansu ke gudu. Digirin farko ƙofa kawai yake buɗewa. Bayan bautar ƙasa sai digiri na biyu, kamar shekara biyu, sannan na uku, shekara uku ko fiye, ana tacewa, ana gwadawa, gwaji ya lalace a sake. Akwai Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, akwai Ahmadu Bello a Zariya da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, ga Bayero a Kano. Ba za mu ɓoye muku ba, hanyar da wuya. Na'urar da ke tantance ginin sinadari ba ko'ina take ba, sau da yawa sai ɗalibi ya aika samfurinsa wani gari, ko ma wata ƙasa, da kuɗin aljihunsa. Tallafin TETFund kuma na malaman makarantun gaba da sakandare ne.

Abin da ke damunmu shi ne, ƙasar tamu ce, zinaren namu ne, yaran namu ne, amma magani da na'urar auna jini duk daga waje aka kawo su. Haƙar zinare kuwa ba ta tsaya ba.

Yaran da suka sha wannan magani yanzu sun kai shekarun shiga jami'a. Gwamnatin Zamfara, sarakunanmu da masu hannu da shuni, ku ware tallafi na musamman ga 'ya'yan ƙananan hukumomin Anka, Bukkuyum da Gummi, maza da mata, masu son zurfafa karatun sinadarai har digiri na uku. Iyaye, idan ɗanku ko 'yarku suka ce za su koma makaranta bayan bautar ƙasa, ku sa musu albarka.