Alamar Rediyo A Bakin Buhu: Ko Za Ta Iya Tsare Mangazar Ƴan Kasuwar Arewa?

Duk wanda ya san ƙasar Arewa ya san cewa da zarar kaka ta yi, kuɗin ɗan kasuwa barin aljihu suke yi su koma mangaza. Daga Kiyeshe zuwa Dogon Dutsi, daga Matankari zuwa Tibiri da Gesheme, amalanke da motoci ne ke ta jigilar hatsi da wake da gujiya da kwaruru ana jibgewa. Mai jari babba ya sayi ɗaruruwan buhuna, ƴar kasuwa mai ƙaramin ƙarfi kuma ta tara tiya-tiya har ta haɗa buhu biyar ko goma. Kowa fatansa ɗaya ne, wato a kai bazara farashi ya ɗaga, a fitar a samu abin rufin asiri.

To amma tsakanin ranar da aka rufe ƙofa da ranar da za a buɗe ta akwai wata biyar ko shida, kuma cikin waɗannan watanni ne ake yin asarar da ba ta da mai shaida. Wannan ne ya sa a yau muka ga ya dace mu tattauna da masu karatunmu, musamman iyayenmu mata ƴan kasuwa, kan wata dabarar ƙirga kaya da manyan ɗakunan ajiya na duniya ke amfani da ita, mu duba abin da take iyawa, da abin da ba ta iyawa, da kuma darasin da za mu iya ɗauka tun kafin ta iso gare mu.

Inda gizo ke saƙa

Manomi a rumbunsa dami yake ƙirgawa, kuma da ido ma ya san inda hatsinsa ya tsaya. Mangaza ba haka take ba. Idan an jera buhuna sun kai rufi, na gaba kawai ake gani. Wanda ke son sanin gaskiyar adadi sai ya ɗauko ƴan dako a sauke, a ƙirga, a sake jerawa, aikin yini guda ke nan da kuɗin dako a kai. Saboda haka akasari ba a yi, sai a dogara ga abin da aka rubuta cikin kaye. Shi kuwa kaye abin da aka faɗa masa yake riƙewa. In an fitar da buhu uku da magariba aka ce gobe a rubuta, aka manta, shi ke nan lissafi ya karkace, ba kuma za a gane ba sai ranar rabo.

Abin ya fi zafi a mangazar haɗin gwiwa. Tun daga shekarar 1999, lokacin da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fara yaɗa tsarin jinginar amfanin gona a Nijar, wanda aka fi sani da warantaj, ƙungiyoyin manoma da na mata suka saba da mangaza mai kwaɗo biyu. Makulli ɗaya na hannun ƙungiya, ɗaya na hannun asusun da ya ba da rance, ba a buɗewa sai ɓangarorin biyu sun hallara. Dabara ce mai kyau, domin ta kuɓutar da mutane da yawa daga sayar da amfaninsu da araha a kaka su dawo su saye shi da tsada a damana. Sai dai kwaɗo ƙofa yake tsarewa, ba ya ƙirga abin da ke bayanta. Idan ranar buɗewa wata ta ce buhu shida ta kawo, kaye ya ce biyar, to ba buhu ɗaya kawai aka rasa ba. Yarda ce ta tsage, kuma ƙungiyar da yarda ta tsage a cikinta ba ta cika ganin kaka ta gaba ba.

Yadda alamar take aiki

Yawancinmu mun san zanen nan na layuka baƙi da fari da ke jikin kwalin madara ko gwangwanin tumatir. An fara karanta shi da na'ura a wani kanti na garin Troy, jihar Ohio ta Amurka, a watan Yunin 1974. Amfaninsa babba ne, amma sai an kawo kaya ɗaya bayan ɗaya an nuna wa na'ura zanen ido da ido.

Alamar rediyo, wadda masana ke kira RFID, ta wuce nan. Wata ƴar takarda ce mai liƙewa, tsawonta bai wuce na yatsa ba. A cikinta akwai ɗan ƙwayar lantarki da bai fi ƙwayar yashi girma ba, tare da siririn ƙarfe da ke zaman eriya. Irin wadda aka fi amfani da ita ba ta da batir. Na'urar karantawa ce ke watsa igiyar rediyo, alamar ta ɗebi ƙarfi daga wannan igiya, ta amsa da lambarta. Mu da muke aikin rediyo abin bai zame mana baƙo ba, kamar tasha ce ta yi kira, akwatuna suka amsa, kowane da sunansa. Kowace alama lambarta daban, babu biyu masu kama da juna, ana kuma iya karanta ɗaruruwa cikin ƴan daƙiƙoƙi daga nisan taku da yawa, ba tare da an ga alamar da ido ba.

Hanya biyu ake bi. Ko mai kula da mangaza ya riƙe na'urar a hannu ya zagaya, ta nuna masa abin da ke nan da abin da babu. Ko kuma a kafa ta a bakin ƙofa, duk buhun da ya shiga ko ya fita ta rubuta lambarsa da rana da sa'a, ta tura labarin zuwa kwamfuta ko wayar salula. Ke nan mai kaya tana zaune a rumfarta za ta iya sanin cewa buhunta mai lamba kaza ya ƙetare ƙofa da ƙarfe kaza.

Waɗanda suka riga mu

A watan Yunin 2003 kamfanin Walmart na Amurka, wanda ya fi kowane kamfanin kantuna girma a duniya, ya umarci manyan masu kawo masa kaya guda 100 da su liƙa wannan alama a kwalayensu kafin Janairun 2005. Binciken da jami'ar Arkansas ta yi a 2005 ya nuna cewa a kantunan da aka gwada, matsalar ƙarewar kaya a kan kanta ta ragu da kashi 16 cikin ɗari. Duk da haka shirin bai yi saurin da aka zata ba, domin alamar na da tsada a wancan lokaci, masu kawo kaya kuma suka yi ta ƙorafi. Sai da farashinta ya sauko sannan kamfanin ya dawo da ita a kan tufafi, a 2022 kuma ya faɗaɗa ta zuwa kayan gida da na lantarki da na wasan yara. Kamfanin Decathlon na Faransa, mai sayar da kayan wasanni, shi ma ya sa ta a jikin kayan da yake sayarwa.

A nahiyarmu, ƙasar Botswana ta fara amfani da ita a kan shanu tun farkon shekarun 2000, don ta tabbatar wa masu sayen namanta a Turai asalin kowace dabba. Maƙwabtanmu na Kangiwa da Kamba su ma sun taɓa ganin ƴar uwarta, domin katin zaɓen Najeriya da aka yi amfani da shi a 2015 yana ɗauke da ƙwayar lantarki da na'ura ke karantawa.

Abin da ba ta iyawa

Kada a ji wannan a ɗauka an samu maganin kowace cuta. Da farko dai, alamar buhu take ƙirgawa, ba abin da ke cikinsa ba. Mu ɗauki misali. A ce mangaza na da buhu 300 na hatsi, kowane mai tiya 40. Idan mai dogon hannu ya zare tiya ɗaya tak daga kowane buhu ya ɗinke, ya kwashe tiya 300, wato buhu bakwai da rabi. Na'ura za ta zagaya ta ce buhu 300 suna nan lafiya lau. Wannan sata sai sikeli ke kama ta.

Na biyu, ba ta san ƙwaro ba. Wake zai iya zama gari a cikin buhu alamar na ta amsa kira. Maganin wannan shi ne buhu mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, suka fara yaɗawa a Nijar daga 2007. Leda biyu ne a ciki da buhun saƙa a waje, iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba magani ba. A nan sai a yi hattara, duk alamar da za a sa wa irin wannan buhu, a ɗaura ta a igiyar baki ko a liƙa a waje. In aka huda ledar da allura ko ƙusa, an kashe amfanin buhun.

Na uku, ruwa da ƙarfe abokan gabar igiyar rediyo ne. Kaya masu ruwa a jiki irin su dankalin Turawa da albasa da tumatir, waɗanda masu lambu a Dallol Mawri ke nomawa da rani, suna shanye igiyar, haka ma kwano da gangar ƙarfe suna karkatar da ita. Ko hatsi busasshe, in tulin ya yi kauri, buhun da ke can tsakiya na iya yin shiru. Shi ya sa karantawa a bakin ƙofa ta fi tabbas.

Na huɗu kuwa wuta ce. Ba mu manta da yadda aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agustan 2023 ba, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Duk na'urar da za a kawo ƙauye, in ba a haɗa ta da farantin hasken rana ba, kwalliya ce kawai.

Lissafin kuɗi

Alamar kanta ba ta da tsada a yau. In aka saye ta da yawa, guda ɗaya ba ta wuce dala biyar zuwa goma ba a inda ake yin ta. Ko a dala goma, buhu 300 jika 15 za su ci, abin da bai kai kuɗin buhun hatsi ɗaya ba a yawancin shekaru. Nauyin yana ga na'urar karantawa, wadda kuɗinta ke kai ɗaruruwan jika, ga kuɗin horar da wanda zai riƙe ta, ga gyara in ta lalace. Ga ƴar kasuwa mai buhu goma wannan ba lissafi ba ne. Ga haɗakar ƙungiyoyi mai mangaza goma ko ashirin kuwa, na'ura ɗaya da za ta riƙa zagayawa kowane wata na iya biyan kanta.

Inda ya fi cancanta a fara gwaji shi ne manyan ɗakunan ajiya na ƙasa. Hukumar OPVN, wadda aka kafa a 1970, ita ke riƙe da hatsin tsaron ƙasa da ake fitarwa a sayar da rahusa in abinci ya yi ƙaranci. Duk wanda ya ga 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, lokacin da buhun hatsi ya kai jika talatin a wasu kasuwanni, ya san cewa sanin haƙiƙanin abin da ke cikin waɗannan mangazu magana ce ta rai da mutuwa. Idan kowane buhu na da lambarsa tun daga ranar saye har ranar da ya isa hannun mabuƙaci, aikin masu sa ido zai yi sauƙi, ma'aikacin kirki kuma ya samu shaidar da za ta wanke shi daga zargi.

Abin da za mu iya yi tun bana

Sirrin alamar rediyo ba a rediyon yake ba. Sirrin shi ne kowane buhu yana da suna nasa, kuma ba ya motsi sai an rubuta. Wannan kuwa da alli da fenti da kaye ma ana iya farawa.

A rubuta wa kowane buhu lamba da sunan mai shi da ranar shiga, a auna shi a sikeli a gaban mai shi, a rubuta nauyin a jikinsa da cikin kaye. A ba mai kaya rasiti, ƙungiya ta riƙe kwafinsa. A jera buhuna a kan katako, nesa da bango, layi-layi na adadi ɗaya, a bar hanya a tsakani yadda mutum zai ratsa ya ƙirga ba sai an sauke ba. Wanda ya fara shiga shi zai fara fita. Sau ɗaya a wata a buɗe a gaban shaidu uku, a ƙirga, a zaɓi buhu biyar ba tare da shiri ba a ɗora su a sikeli. Sannan a ɗauki hoton shafin kaye da waya a tura wa membobi, ta yadda ko kaye ya jiƙe ko ya ɓace, lissafi na hannun mutane da yawa. Wadda ba ta yi lakkol ba ta zo da ɗanta ko ɗiyarta su karanta mata, ba abin kunya ba ne, dukiyarta ce.

Kada mu raina abin da ƙaramar na'ura ke iya yi wa kasuwa. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan wayar salula ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Wayar da a da ake gani ta masu kuɗi ce, yau tana ɗaure a bakin zanen mai sayar da ƙuli-ƙuli. Alamar rediyo ma farashinta sauka yake yi, kuma wata rana za ta iso. Ranar da ta iso, ƙungiyar da ta saba da lamba da sikeli da rasiti ce za ta ci moriyarta. Wadda lissafinta ke a hargitse kuwa, na'ura ba za ta gyara mata shi ba.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin mata da na ƴan kasuwa a Kiyeshe da sauran garuruwan Arewa da su zauna kan wannan batu tun kafin buhun farko na kaka mai zuwa ya shiga mangaza. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.