Renon Furannin Fangali a Ƙasar Dole Kaina

Furannin fangali su ne tsirran ado masu gajeren rai waɗanda ake renon irinsu a wuri ɗaya, sannan a cire dashen a jera shi a fangali, ya yi fure na wata uku ko huɗu, daga nan a tumɓuke shi a sa wani. Wannan al'ada ta bunƙasa a Ingila a tsakiyar ƙarni na 19, musamman bayan soke harajin gilashi a 1845, lokacin da ɗakunan gilashi na renon tsiro suka yi araha. A can sanyi mai daskarar da ruwa ake tsoro, shi ya sa ba a fitar da dashe waje sai wajen ƙarshen watan Mayu, kuma akasarin bayanin da ke jikin ƙunshin irin da ake shigowa da shi domin wancan yanayi aka rubuta shi.

Mai lambu a Dole Kaina, garin da ke bakin kogin Neja inda Najeriya ta yi kusa da Nijar da Benin, idan ya bi wannan lissafi zai yi asarar irinsa, domin abin da ke kashe tsiro a nan shi ne zafin bazara da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, da kuma mamakon ruwan Agusta da ke kwantar da ƙananan tsirrai. Saboda haka lokacin dashe biyu ne. Da faɗuwar damina ake dasa masu jure zafi, irin su marigol da ziniya, waɗanda asalinsu daga Meziko ne, da binka mai asali daga Madagaska, wadda ba ta damu da ƙarancin ruwa ba. Fetuniya kuwa, wadda ruwan sama ke lalata furenta, sai da hunturu take kyau, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin noman rani.

A gaskiya ilimin ba baƙo ba ne a wannan yanki, domin duk wanda ya taɓa renon irin albasa, amfanin gonar da ake hada-hadarsa daga Aliero har Gaya ta Nijar da kasuwar Malanville ta Benin, ya riga ya san mafi yawan aikin. Ana neman wuri mai ɗan tudu wanda ambaliyar kogi ba ta kai masa, a gyara ƙasa ta yi laushi, a gauraya ta da yashi da takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai; ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana jawo gara. Ana yayyafa iri ba da yawa ba, a rufe shi da ƙasa ƴar kaɗan, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, a riƙa ban ruwa a hankali safe da yamma. Marigol da ziniya kan tsiro cikin mako guda, kuma da zarar sun leƙo sai a janye ciyawar a kafa musu ƴar rumfa.

Babbar ɓarna a wannan mataki ita ce ruɓewar gindi, wato cutar da wasu ƙwayoyin cuta na cikin ƙasa ke haddasawa, inda tsiron ke sirancewa daga tushe ya faɗi dare ɗaya. Cunkoso da yawan ruwa ne ke kiranta, kuma abin takaici, mai reno yakan ga tsiron ya kwanta ya zaci ƙishi ne, ya ƙara masa ruwa. Maganinta shi ne a rage tsirran da suka matse juna, iska ta samu wurin shiga.

Bayan mako uku zuwa huɗu, idan dashe ya fitar da ganye huɗu ko fiye, ana rage masa ruwa da inuwa na wasu kwanaki don ya saba da rana, sannan a cire shi da ƙasar gindinsa a dasa da yamma, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya. Shinge wajibi ne inda awaki ke yawo. Takin yuriya da yawa yana ba da ganye kore shar amma fure kaɗan, don haka takin zamani mai haɗin sinadari uku ya fi dacewa, shi ma da kima.

Tsinke furen da ya bushe yana sa tsiro ya ci gaba da fitar da sabo, domin da zarar ya ƙulla iri sai ya rage fure. Marigol yana da wani amfani bayan ado, saboda saiwarsa na rage tsutsar da ke kumbura saiwar tumatir, musamman idan aka cika fangali da shi kafin a dasa tumatirin. Wanda ke son irin baɗi sai ya bar furanni kaɗan su bushe a jiki, ya adana su a takarda a wuri marar laima, amma irin da kamfani ya haɗa daga iyaye biyu ba ya maimaita kamanninsa a shuka ta biyu, sai dai a sayi sabo.