Tsargiya da Ɓarnar da Take Yi wa Mafitsara da Ƙoda a Gaɓar Tafkin Kainji

Tsargiya cuta ce ta hanyar fitsari wadda wata tsutsar jini mai suna Schistosoma haematobium ke haddasawa. Likitan Jamus Theodor Bilharz ne ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, amma cutar ta daɗe ƙwarai kafin haka, domin a 1910 an sami ƙwayayenta a ƙodar gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna. A yau Nijeriya na sahun gaba cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa, kuma garuruwan bakin ruwa irin na Yawuri da Ngaski da Shanga suna da duk abin da take buƙata don ta zauna da gindinta.

Kafin a kammala madatsar Kainji a 1968, Neja kogi ne mai gudu tsakanin gungaye. Da aka tare shi sai ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, aka tashi mutane sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Kwantaccen ruwa mai ciyayi a gefe shi ne gidan wani ƙaramin dodon koɗi da ake kira Bulinus, wanda tsutsar ba ta iya cika rayuwarta sai ta bi ta jikinsa. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga dodon koɗi su hayayyafa, bayan 'yan makonni su fito dubbai suna neman fatar mutum. Ba sai an sha ruwan ba. Basarke mai jan taru, da matar da ke wanki, da manomin shinkafa ko albasa a fadama, da yaron da ke kurme da tsakar rana, duk ta fata take shigarsu.

A cikin jiki tsutsar tana girma a jijiyoyin hanta, sannan namiji da mace su sauko tare zuwa jijiyoyin da suka kewaye mafitsara. Nan suke zama shekara 3 zuwa 5, wani lokaci fiye. Ita kanta tsutsar ba ta cika ɓarna ba. Ƙwanta ne masifa. Macen na iya saka ɗaruruwa a rana, kowane da ɗan tsini a ƙarshensa. Wasu sukan huda bangon mafitsara su fita da fitsari, shi ya sa ake ganin ɗigon jini a ƙarshen fitsari, da zafi, da yawan zagayawa. Sauran kuwa sai su maƙale a cikin nama. Garkuwar jiki takan yi musu dafifi ta kewaye kowane ƙwai da ƙululu, daga baya ƙululun ya zama tabo. Likitan da ya leƙa irin wannan mafitsara da na'ura yakan ga wurare masu kama da an barbaɗa yashi. Idan shekaru suka ja, bangon yakan yi kauri ya sandare har ya bayyana fari a hoton asibiti, mafitsarar ta kasa riƙe fitsari mai yawa ko ta kasa juye shi duka.

Haɗarin da ya fi girma yana wurin da bututu biyu masu sauko da fitsari daga ƙoda suke shiga mafitsara. Tabo yakan matse bakinsu, fitsari ya riƙa taruwa a sama, bututun ya buɗe, ƙodar ta kumbura, namanta mai tace jini ya yi ta sirancewa. Fitsarin da ya kwanta kuma yana jawo ƙwayoyin cuta da tsakuwa. Wannan duk yana iya faruwa ba tare da wani ciwon a zo a gani ba, saboda ƙoda ɗaya ma tana iya ɗaukar aikin biyu. Sai an kai ga kumburin ƙafa da fuska, hawan jini, kasala da amai, sannan a gane duka biyun sun gaza, a fara maganar wankin ƙoda, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin masunta.

A nan ne al'ada ke yaudarar mutane. Jinin ya fi yawa tsakanin shekara 10 zuwa 15, sannan ya ragu ko ya ɓace da girma, shi ya sa wasu ke ɗaukarsa alamar balaga ko aikin zafin rana, su ce yaro ya warke da kansa. Alhali ƙwayayen da suka maƙale suna nan. Miki na shekaru yakan sauya fatar cikin mafitsara, ya buɗe ƙofa ga sankara. Tun 1994 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ta. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sun ruwaito cewa irin sankarar mafitsara da ke da alaƙa da tsargiya ita ce suka fi gani. A wajen mata, ƙwan yakan kai bakin mahaifa ya kawo zubar jini da ciwon mara da wahalar haihuwa, a yi ta maganin sanyi ba a dace ba.

Gano cutar ba wuya: fitsarin da aka ɗauka tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ya fi ɗauke da ƙwai, hoton ciki kuma yana nuna halin mafitsara da ƙoda. Maganinta praziquantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, a sha bayan an ci abinci. A makarantu da sandar awon tsayi ake ƙayyade adadin ƙwayoyin. Yana kashe manyan tsutsotsi, kuma a jikin yara kumburin mafitsara da na ƙoda yakan koma daidai cikin watanni. Tsohon tabon da ya sandare kuwa magani ba ya goge shi, wani lokaci sai an yi tiyata a buɗe bututun. Maganin kuma ba riga-kafi ba ne, don haka a ƙauyen da tafki ne wurin sana'a da wanka, ana maimaita rabonsa lokaci-lokaci, tare da samar da rijiyar burtsatse da masai domin fitsari ya daina isa ruwa.